Hannun Yayana a Faifan Sito

Akwai wani yammaci a gidanmu na Kurmin Kogi da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba. Ranar ce abokan marigayi yayana suka zo da sifika a bayan babur, don a zaɓi faifai ɗaya cikin uku da ƙungiyarsu ta fitar.

Yayana makaɗin ganguna ne a wata ƙaramar ƙungiyar samarin cocinmu a Ikara. Kiɗan rok suke yi, irin mai jitar lantarki da kururuwa, sai dai waƙoƙin da Hausa. Dattawa na cewa hayaniya ce kawai, ni kuwa ƙanwarsa ce, kullum ina gaba ina yi masa tsiya cewa wata rana sai ya fasa fatar gangar nan. Ciwo ya ɗauke shi da damina. Da shekara ta zagayo aka shirya addu'ar tunawa, abokansa suka ce za su sake buga faifai ɗaya a raba wa jama'a da sunansa, amma sai Inna ta sa albarka tukuna.

Ga inda gizo ke saƙa: Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mai alkunya ce ta gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa zuwa inda yake kiɗa ba, in an kunna waƙarsu a gida sai ta tuna tana da aiki a bayan ɗaki. Saboda haka duk mun ɗauka ranar ce za ta fara jin ɗanta, kuma muna so ta ji shi a mafi kyawun kamarsa.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Bayan doguwar gaisuwa, shugaban ƙungiyar, mai jita, ya durƙusa ya ce, "Inna, za mu sa miki su ɗaya bayan ɗaya. Wanda kika ce, shi ke nan." Ta ce to, ta ci gaba da murzar masararta a ƙwarya ba ta ɗago ba.

Na farko a wani siton hatsi a Hunkuyi suka ɗauke shi, da makirfo ɗaya rataye a azara. Buhunan masara suka jera a jikin bango don kada sauti ya yi amsa-kuwwa. Kai, abin ba a cewa komai! Ga gurnanin janareta a ƙarƙashin kowace waƙa, ga jita ta danne murya, a tsakiyar waƙa ta uku har zakara ya sa baki. Mai jitar ya yi ta sunkuyar da kai yana cewa, "Lokacin yarinta ne, Inna, a yi haƙuri."

Na biyu a wani ƙaramin situdiyo a Zariya aka yi. Murya ta fito fes, amma gangunan kamar daga gidan maƙwabta ake buga su. Mai piyanon ƙungiyar ya ce ɗakin ne ya yi ƙanƙanta, aka tura Yaya lungu aka tare shi da katifa. Muka yi dariya, don na tuna ya dawo yana mitar zafi ya kusa kashe shi.

Sai na uku, na Kaduna, wanda suke alfahari da shi. Gaskiya ko ni sai da tsigar jikina ta tashi. Kowane kayan kiɗa yana wurinsa, babu shuu, babu gurnani, ganga na sauka daram a ƙirjin mutum. Mai jita ya yi bayani cewa a can kowa shi kaɗai ake ɗauka, sannan a haɗa a kwamfuta. Na ce, "Ai magana ta ƙare. Wa zai raba wa mutane kukan zakara alhali ga wannan?"

Inna ta ajiye masarar hannunta. Ta ce, "Ɗan nan, wa ya yi muku kiɗa a wannan?"

Ya ce, "Shi ne mana, Inna."

Ta girgiza kai a hankali. "A'a. Ba hannun yayanku ba ne."

Na ce, "Haba Inna, ke da ba ki taɓa saurara ba?"

Ta harare ni, irin hararar da ta saba yi mini tun ina ƙarama. Ta ce, "Bayan ɗaki ba shi da kunne ne?" Sannan ta ce tun yana goye take lugude da shi a baya, ita da matan gida a turmi ɗaya. Ita ce ta uku a jeri, kuma taɓaryarta kan ɗan jinkirta kafin ta sauka, har ana yi mata tsiya. Da ya girma ta ji jinkirin nan a hannunsa na hagu. Ta ce, "A na farko yana nan, a na biyu yana nan ko da an rufe shi da katifa. Wannan kuwa ba ya jiran kowa."

Mai piyano ya dubi mai jita, mai jita ya dubi ƙasa. Can ya ce gaskiya ne. Mai haɗa sautin a Kaduna ya ce bugun Yaya ba ya tafiya daidai da agogon na'ura, don haka bayan an gama ya cire shi ya sa gangar kwamfuta. Yaya ya sani. Shi ya ce kada a faɗa wa kowa, tunda faifan ya yi kyau kuma sunansa na jiki. Wallahi a gabansa na sha yabon faifan nan ina cewa yanzu ne ya iya kiɗa, shi kuwa sai dai ya yi murmushi.

Inna ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na Kaduna ya fi daɗin ji, ban musa ba. Ku ajiye abinku. Ni a sake sa mini na siton." Aka sa. Ta zauna ta ji shi daga farko har ƙarshe, hannunta a kan gwiwa yana bin gangar, yana ɗan jinkirtawa daidai inda take jinkirtawa. Shi aka buga aka raba a coci.

Yanzu ina da nawa 'ya'yan, kuma ni mace ce mai son gyara, komai na gani a karkace sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Amma tun ranar na gane cewa ana iya gyara aikin mutum har a gyare shi kansa daga ciki. In ɗana ya kawo mini abin da ya yi da hannunsa, nakan tsaya in duba tukuna, kada abin da zan goge ya zama shi ne kaɗai zan nema ranar da ba ya nan.