Mai Walda da Jam'iyyar Mutum Tara

Mai Walda ya shekara ashirin yana ƙera ƙofofi a wata rumfa bayan tashar mota, babu ruwansa da siyasa. Sai wata safiya aka rushe rumfunan layinsu ba tare da ko gargaɗi ba. Yana tsaye a kan ɓaraguzai wani malamin makaranta ya miƙo masa takarda. Sabuwar jam'iyya ce ta ma'aikata da masu sana'ar hannu, wadda ke cewa ruwa da asibiti da makaranta haƙƙin kowa ne. Bai gama karantawa ba ya ce a rubuta sunansa.

Su tara ne kacal a lokacin. In suna taro, benci biyu ya ishe su.

A zaɓen farko ƙuri'a arba'in da uku suka samu. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba maigida, ai dangina kaɗai sun fi haka yawa!"

"Yi dariyarki," in ji shi. "Mu tara ne. Su wane ne sauran talatin da huɗun? Sai na nemo su."

Ya kuwa shiga nema. Duk wanda ya kawo masa aikin walda sai ya sha tambaya. Ya gano masu shara shida, da direbobi, da wata ungozoma mai kaifin baki wadda rabin unguwar a hannunta aka haife su. Ya ɗaura lasifika a bayan kekensa, yana bin layi-layi har muryarsa ta dishe.

Zaɓe na biyu suka tashi da ɗari tara, suka zo na uku. Masu yi musu ba'a suka fara gaishe su.

A karo na uku suka tsayar da ungozomar takarar kansila. Mai Walda ne wakilinsu a ajin makarantar da ake tattara sakamako, gumi ya jiƙe masa riga, ya kasa zama. Jami'in zaɓe ya gyara tabarau, ya karanto alƙaluma. Sun ci, da ratar ƙuri'a goma sha bakwai!

Ya fito a guje, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Mun ci! Wallahi mun ci!"

Masu shago suka bar ciniki, direbobi suka danna ham, ungozoma ta rungume ƙanwarta tana kuka tana dariya. Shi kuwa sai da ya isa ƙofar gida ya tuna a can ya baro kekensa.

Yanzu jam'iyyar na da kansiloli biyar da kujera ɗaya a majalisa. Sau biyu ana roƙonsa ya tsaya takara yana ƙi, wai zaman ofis ciwon baya yake sa shi. A watan jiya aka buɗe sabon asibitin unguwa, ya tafi da jikokinsa uku ya nuna musu ɗakin haihuwa.