Kwalbar da aka ɗiga wa Baba

Ƙarfe bakwai da rabi na safe ne, ranar da lokotoro, wato likitar ido, ta ba mu don aikin ido. Mu uku ne a zaure: ni, ƙanena, da Baba. Baba tsohon majemi ne. Idonsa na hagu ya mutu tun muna yara, da ruwan toka ya fantsar masa a majema. Na dama kaɗai ya rage, shi ma yanar ido ta fara rufe shi.

Na ce, "Baba, tashi, mai mota na jira."

"Ba inda za ni. Wuƙa ba za ta taɓa idon nan ba."

Sai a lokacin na lura idon ya yi jawur, yana ta ruwa. Na tambayi dalili. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya ciro wata 'yar kwalba marar takarda. Ya ce a salula ya gani, wai masana sun gano sinadarin da ke mayar da tsufan ƙwayar ido baya, yanar ta narke da kanta. Wani a kasuwa ya rantse masa shi ne wannan. Tun Juma'a suke ɗigawa a ɓoye.

"Yaya, wallahi Turawa ne suka yi binciken."

"Su ne kuma suka zuba maka a kwalbar turare?"

Baba ya tare masa. "Ƙyale shi. Fata ma in ta sha bagaruwa sai ta daɗe ba ta lalace ba. Ido ne zai rasa nasa?"

Ban yi gardama ba. Da farko na karɓi kwalbar. Sannan na sa masa takalmi. Sannan na ce dubawa kawai za a yi, na riƙe hannunsa har mota.

Lokotoro ta haska idon. Daga baya ta yi mana bayani. Abin da ke cikin ƙwayar ido kamar farin ƙwai yake, shekaru ke dunƙule shi har ya daina wuce haske. Gaskiya ne ana neman sinadarin da zai warware shi, amma bai iso farmasi ba. Abin da ke kwalbar nan ita ma ba ta san shi ba. Ba aiki sai kumburin ya sauka.

Baba ya ce, "'Yata, zan sake gani?"

"Baba, yau ba zan yi maka alkawari ba."

Bayan damina aka yi aikin. An cire yanar, amma ƙunar da ruwan kwalbar ya yi ta bar tabo a baƙin idon. Yanzu yana ganin mutum a bakin ƙofa, sai dai ba ya gane shi sai ya yi sallama.

Ga roƙona gare ka. In an kawo wa tsohonka kwalba da sunan binciken masana, kai ta asibiti a duba kafin ɗigon farko ya shiga idonsa.