Juma'ar Goggo Sibil

Goggo Sibil, ƙanwar babana, ta shekara talatin tana kai kifi kicin ɗin fadar sarki da ke bakin kogin Tems. Ran Juma'a dokar cocin Roma ta hana mu cin nama, sai kifi, don haka ranar ce kasuwarta. Ba ta taɓa ganin sarki ba, ƙofar baya kawai ta sani.

Shekarar da sarki ya raba gari da Fafaroma, ya ce shi ne shugaban coci, maza suna ta gardamar addini, ita kuwa hankalinta na kan kwandonta. In dokar Roma ta faɗi, wa zai ci kifi?

Juma'ar farko bayan haka ta isa ƙofar baya da kwandonta. Osmund, babban kuku, ya leƙo.

"Ke Sibil, kin makara! Ina kifin?"

"Yallaɓai, na ɗauka an daina. Ba an kori Fafaroma ba?"

"Shi aka kora, ba Juma'a ba. Shigo da shi!"

Ta zauna kan dakali tana dariya har da hawaye.

Har ta rasu, in an tambaye ta me ya canja a zamaninta, sai ta ce, "Manya suka sani. Ni dai Juma'ata tana nan."