Kafaɗar Rago a Tukunya Mai Fito

Ni dai ban nemi tukunyar nan ba. 'Yata ce ta kawo mini ita bayan 'ya'yana sun maido ni unguwar Al-Sih, cikin dogon ginin da kowa ƙofarsa a rufe take. Ta ɗora ta kan murhun gas ta ce, "Ya ummi, gwiwoyinki sun gaji da tsayuwa. Wannan ta matsi ce, kafin ki idar da walaha nama ya nuna."

Na ce, "Naman da ya nuna da wannan gaggawa sai dai ki ba kyanwa."

Ta yi dariya, ta ba ni amsa da Larabci, yadda suka saba.

A tsohuwar unguwarmu ta wajen Ƙiblatain, in na ɗora nama da hantsi, ƙanshi ne ɗan aikena. Kafin azahar sai ka ji wata 'yar Chadi da muke katanga ɗaya tana cewa, "Wa ya haihu ba a gaya mana ba?" In na sauke, kowane gida da kwanonsa. Kuma kwano ba ya komowa ranar da ya fita. Sai ya kwana biyu, matar gidan ta zubo abin da ta dafa, ta kawo da ƙafarta, ta zauna a sha shayi. Don zaman nan ake aika kwano. Yanzu waɗancan matan, wasu na maƙabartar Baƙi'a a kwance, wasu 'ya'ya sun kwashe su kamar yadda aka kwaso ni.

Wata Juma'a ɗana, mai tuƙa motar alhazai, ya ce zai zo da iyalinsa bayan masallaci. Na fito da kafaɗar rago. Na daka tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari, na murje ta da su har cikin tsagar da na yi da wuƙa. Na soya ta da man shanu cikin tukunyar sai da kowane gefe ya yi ja, na zuba albasa da ruwa kaɗan, na murɗa murfi. Ta yi fito, na rage wuta. Da tururi ya gama fita na buɗe, ƙashi ya zare da kansa. Gaskiya ta dahu. Ban gaya wa 'yata ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Sai dai ƙanshin, fankar bango ta zuƙe shi ta kai wa tantabaru.

Ina jera faranti waya ta yi ƙara, ɗana ne. "Ma'alesh, yi haƙuri ya ummi, an ba ni motar Makka, ga ni a Bi'ir Ali alhazai suna ɗaura harami. Ki ci abinki."

Na ce Allah ya tsare hanya. Na zauna ina kallon kafaɗa guda, ni kaɗai.

Akwai wata mata a ƙofar da ke kallon tawa, Balarabiya, mai aiki a asibiti. Tun zuwana sallama kawai ke haɗa mu. Na yanki wajen da ya fi taushi, na sa a kwanon tangarana mai fure, na ƙwanƙwasa. Ta karɓa tana ta addu'a, ta ce, "Dakata ya hajja, in juye in wanke miki."

Na ce, "La! Riƙe shi. Ba sauri nake ba."

Ta dube ni kamar ba ta gane ba, amma ta riƙe.

Kwanakin da suka biyo, kowace la'asar sai in dafa shayi da na'ana'a, in fito da kofi biyu. Na canza mayafi. Har turaren wuta na sa.

Ran nan na ji takun ƙafa, da motsin leda a jikin ƙofata. Kafin in dafa bango in miƙe, in ja gwiwoyin nan zuwa zaure, na ji ƙofar Balarabiyar ta rufe. Kwanona na rataye a hannun ƙofa cikin leda, cike da dabinon ajwa mai kyau. Ba ta yi rowa ba, yarinyar kirki ce. Tsoron tashina daga barci ta yi, na sani. Na shiga da shi, na maida kofi ɗaya cikin kabad.

Da Juma'a ta zagayo na sake ɗora nama, ban jira kowa ya ce zai zo ba. Wannan karon a babban tiren aurena na zuba, na tagulla, wanda sai da hannu biyu ake ɗauka, babu ledar da zai shiga. Da na kai wa maƙwabciyar, ta zaro ido ta ce, "Ya hajja, wannan ai ya yi yawa!" Na ce ta kai wa abokan aikinta.

Tiren yana wajenta har yau. Bayan la'asar nakan jawo kujera kusa da ƙofa in zauna, don kada gwiwa ta sake makarar da ni.