Mai Takobin Shataletale

Har yau in na ji warin ɗanyen siminti sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

A unguwar Wulari na tashi. A shataletalen da muke bi zuwa Kasuwar Shanu akwai mutum-mutumin wani mayaƙi bisa doki, ya ɗaga takobi. Wasu su ce jarumi ne, wasu su tofar da yawu. Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta taɓa bi ta gabansa ba, gara ta ja ni mu zaga ta lungu cikin zafin rana. Mutanensa ne suka ƙone garin kakanninta, suka sa wa kakarta igiya a wuya suka sayar.

Wata damina hannun mai takobin ya tsage, aka ba Baba gyaran, da yake birkila ne. Kaka ta ture kwanon tuwonta.

"Sai ka ajiye aikin nan zan ƙara cin abincin gidanka."

Baba kuwa ya riga ya amsa wa manya, ba halin janyewa. Ya jibge siminti a zaure yana ta jan ƙafa, ita kuma daga ruwa sai goro. Idanunta suka faɗa. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka mutuwa za ta yi.

Ran da Baba ya haƙura ya ɗauki kayan aikinsa, sai ga ihu daga titi. Wasu samari sun ɗaura wa mutum-mutumin igiya sun kayar, suna farfasa shi da guduma. Na ruga ɗakinta, ni a dole mai albishir.

"Kaka, an kayar da shi! Tashi ki ci!"

"Su wa?"

"Samari ne, da tuta. Wai za su tsarkake garin."

Ta jawo kwanon ta ci. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar.

"Shi ma mai takobin haka ya ce da ya shigo," in ji ta.

Ta rasu ba ta ga shekarun tashin hankalin da suka biyo baya ba, mu muka gani. Yanzu dandamalin mutum-mutumin ba kowa a kansa. Lokacin bukukuwa masu zane kan kafa fararen tantabarun kwali, ruwa ya jiƙa su a kwashe. 'Ya'yana na son tsayawa a ɗauke su hoto. Ni kuwa ba sama nake kallo ba, fuskokin masu taruwa a ƙasa nake dubawa.