Matar Da Ta Sa Injin Babana Ya Yi Shiru

Duk mai tashi da wuri a Dogon Dutsi ya san ƙarar babur ɗin Malama Karima. Da an sallame sallar asuba za ta turo shi ƙofar gida, ta ɗaure jarkar ruwa a baya, ta rataya wata tsohuwar jakar fata, ta aza malfa bisa lulluɓi. Abu uku ne cikin jakar: littafi, wata babbar waya mai faɗin allo, da agogon hannu wanda maɗaurinsa ya tsinke tun tuni. Yau ta nufi Matankari, gobe Tibiri. In Dogon Kiriya ce kuma rairayi ya ƙi babur, sai ta bar shi gidan maigari, ta hau amalanke tsakanin buhuna. Shekara ashirin da biyu tana wannan yawo. Watan nan ta ajiye aiki.

Aikinta tambaya ne. Wata cibiyar bincike a Yamai ke aiko ta wurin masu ƙananan sana'o'i: mu masu injin niƙa, masu walda, teloli, matan da ke matsar man gyaɗa. Ina kake samun jari? Mi kake ƙonawa? Wayarka tana yi maka aiki, ko hira kawai kake yi da ita? Ta rubuta, ta aika, manya su haɗa su yi littafi. Ba ta rabon shinkafa, ba ta rabon taki, don haka ba wanda ya taɓa yi mata guɗa.

Ni Mani ɗan Amadu ne, mai inji a Tibiri. Aji uku na yi a lakwal, kuma ban iya zaƙin baki ba. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Ranar da ta fara zuwa rumfata, na ɗauka cikin masu karɓar patanti take, wato harajin sana'a. Ta yi sallama, ta ce lita nawa ta gazuwal, wato man dizal, injina ke sha a wuni.

Na ce, "Madam, ga injin nan, ki tambaye shi. Shi ya san cikinsa."

Ta ce, "To, shi zan tambaya. Akwai wurin zama?"

Ta jawo turmi, ta kife shi, ta zauna, ta aza agogon bisa gwiwa.

Sai na faɗi halin da nake ciki lokacin. Injin na babana ne. Shi ya shigo da shi garin bisa amalanke ina ɗan shekara tara, mata na guɗa. A shekarar da Malama Karima ta zo gazuwal ya yi tsada, jarka ba ta kai mini kwana biyu, abin da nake samu kuma duk cikin injin yake komawa. Sama'ila mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo har sau biyu, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa shi kamar mai taya sa a kasuwa. Ya ce shi ba inji yake saye ba, nauyi yake saye. Na ce masa ya dawo bayan kaka. In ban ga hanya ba, ya zo da motarsa ya kwashe.

Mu kuwa ga yadda munka gaji sana'ar. Ka tada inji da hantsi, ba ka kashe shi sai magariba, ko da hatsi ko babu. Murɗa hannun injin na cin kafaɗa, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne babban dalili ba. Ƙarar ita ce kiran kasuwa. Mace na tsakar gida, ta ji tum-tum-tum, ta san mai inji na nan. In inji ya yi shiru da rana tsaka, ko ya lalace, ko mutuwa anka yi gidan mai shi. Ranar da ciwon ajali ya kada babana, maganarsa ta farko ita ce kar a kashe inji.

Kwana tara Malama Karima ta yi bisa turmin nan. An zuba hatsi, ta dubi agogo, ta rubuta. Hatsi ya ƙare inji na kuka, ta dubi agogo, ta rubuta. Ƙurar gari ta mai da ita fara fat tun daga malfa har takalmi. Inna Ajuma mai fura, wadda duk matan unguwa ke jin maganarta, ta zo ta tsaya tana kallonta.

"Mani, yaushe ka ajiye doguwa a rumfarka?"

Malama Karima ta ce, "Inna, doguwar nan za ta zo gidanki shan fura, tana da tambayoyi."

Ta kuwa je. Ashe kullum in ta tashi daga wurina gida-gida take bi tana hira da mata.

Rana ta goma ta kunna babbar wayar, ta nuna mini sanda biyu a zane, ɗaya gajeruwa, ɗaya doguwa.

"Malam Mani, awa goma injinka ke kuka a wuni. Uku yake niƙa. Bakwai ɗin nan kuka ne kawai, kuma kowane kuka da gazuwal yake yin shi."

Na ce, "Kukan shi ne kasuwa. Ke ba ki gaji inji ba."

"Ban gada ba. Amma na tambayi mata talatin da ɗaya. Ba ƙara ke kawo su ba. Suna zuwa ne in sun gama surfe hatsin ya sha iska. Abin da ke damunsu biyu: su zo su tarar mai ya ƙare, su yi ta zama, sannan garinsu ya fito da yajin barkonon wata. Ka taɓa tambayarsu?"

"Mi zan tambayi mace kan inji?"

"Shi ya sa Sama'ila ke ƙwanƙwasa shi."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Ta ce ba da shawara ba aikinta ba ne, aikinta ta rubuta ta wuce, amma ba za ta iya wucewa da wannan a jaka ba. Ga abin da ta gani: in tada inji sau biyu kacal, da hantsi da bayan la'asar. Kullum in aika saƙon murya ta waya in faɗi lokaci. Matan unguwa suna da zauren waya inda suke sanar da biki da suna, Inna Ajuma ce shugabarsu, marar waya kuma ta ji a bakin rijiya. In niƙa gero, sannan dawa, sannan masara, barkono ya zo ƙarshe.

Na ƙi. Mako guda na ƙi. Sai ranar da mai ya yanke mini da azahar, ƙwarya shida na jira, ina kallo sunka ɗauka sunka nufi injin Illo da ke ƙetaren kasuwa. Illo taubashina ne, kuma ba abin da ya fi so a duniya irin ya ga na kunyata. Na kira Malama Karima. Ta koya mini inda ake dannawa a riƙe. Ga saƙona na farko, har yau mata na tsokanata da shi:

"Mani ne mai inji. Gobe da hantsi da bayan la'asar. Gero farko, barkono ƙarshe. In kun ji shiru, ban mutu ba."

Washegari ƙwarya huɗu na niƙa da hantsi. Na sa hannu na kashe injin rana na sama. Shekara talatin da wani abu ban san ana jin kukan kurciya daga rumfar nan ba. Kafin azahar dattawa biyu sun zo da carbi suna tambaya wa anka rasa. Sai ga Illo, ya ɓata fuska, ya durƙusa gabana.

"Ya haƙuri, Mani? Allah ya ba ka dangana. Inji mai kirki, bai taɓa faɗa da kowa ba. Yaushe ne sadakar uku?"

Ya koma ya ƙara wa nasa wuta har ƙasa na girgiza. Ina zaune mata na ratsa gabana zuwa wurinsa. Na ɗauki waya na ce, "Madam, kin kashe ni."

Ba ta yi gardama ba. Kafin la'asar sai ga babur ɗinta daga Dutsi. Ta kife turminta, ta zauna.

"Ka ba ni kwana bakwai, Malam Mani. In bai yi ba, ni zan murɗa maka hannun injin da kaina, Illo ya zo ya yi kallo."

Kwana uku ba wani sauyi. Ran na huɗu Kubra, wata mai goyo, ta dama wa ɗiyarta kunu da garin da na niƙa, yarinyar ta sha ba ta yi kuka ba. Ta faɗa a zauren waya. Inna Ajuma ta ɗora nata: "Ku ji ni da kyau. Garin wurin Mani babu yaji, kuma ba zaman jira. Ki ajiye ƙwaryarki, ki je ki yi aikinki, ki dawo ki ɗauka."

Ran na shida bayan la'asar na fito daga masallaci, na hango layin ƙore tun daga bakin rumfa har gindin bedi, wato dogon yaro. Kowace da ƙyallen mai ita a ɗaure. Ashirin da bakwai. Na murɗa hannun injin kamar ina ɗan shekara ashirin. Awa biyu yana ci ba tsayawa, kuma duk wanda ya san inji ya san muryarsa in cikinsa da hatsi daban take, kauri gare ta. Na waiga, Malama Karima na bisa turmi, ko murmushi ba ta yi ba, agogo take duba. Jarkar da ba ta kai kwana biyu ta koma yin biyar.

Bayan kaka Sama'ila ya zo da motarsa kamar yadda munka yi. Ya ce, "Na zo ɗaukar ƙarfena."

Na ce, "Ka duba layi. Ƙwarya ta tara, mai jan ƙyalle, ta gidanka ce. Ka jira a niƙa ka tafi da ita, kar motar ta koma wayam."

Illo ya yi wata huɗu yana taurin kai. Wata Juma'a bayan an sauko ya biyo ni, ya ciro wayarsa yana kallon gefe. "Wai ina ne ake dannawa?" Sai da na sa ya maimaita sau uku, na ce ƙarar injinsa ta toshe mini kunne.

Malama Karima, ke ce kika zauna inda wasu ke leƙawa su wuce. Ke ce mai agogo ba maɗauri, wadda ta tambayi inji ya ba ta amsa. Kuma ba ni kaɗai ne shaida ba. A je Dutsi a tambayi Salman mai walda, wanda yanzu ake aiko masa hoton ƙofa da awonta ta waya, ya daina yanka ƙarfe bisa ƙiyasi yana zubar da rabi. A je Matankari a tambayi matan man gyaɗa wa ya lura suna zubar da ɓawon gyaɗa bayan gida, suna kuma tafiya nesa neman itacen suya. Yau da ɓawon suke hura wuta, itatuwan gefen garinsu sun sami lafiya. Ba ki kawo ko ƙusa ɗaya daga waje ba. Abin da ke gabanmu kika nuna mana.

Bara ta kawo mini littafin da anka yi da bincikenta, da Faransanci. Sunan manyan malamai uku a bango. Ta buɗe mini wani shafi, ga sandunan nan biyu, gajeruwa da doguwa, an sa mini suna inji lamba goma sha huɗu. Na ce ina nata sunan. Yana can baya, da ƙananan baƙaƙe, layi ɗaya da direbobi. Raina ya ɓaci, na ce wa ya sha ƙurar garin, su ko ke?

Ta rufe littafin. "Bar wannan, Malam Mani. Jarkarka kwana nawa take yi yanzu?"

To, da munka ji za ta ajiye aiki, mu masu inji biyar na Tibiri munka zauna kan yadda za mu girmama ta. Illo ya ce mu ba makaɗa ba ne, gangarmu inji ce. Da babur ɗinta ya shigo gari, mu tada su duka biyar lokaci guda, gari ya amsa. Na yarda, har na ce shawarar ta yi kyau. Hali zanen dutse.

Ta shigo, injuna biyar sunka ɗauki kuka, kaji na gudu, mata na leƙowa ta katanga. Ta tsayar da babur tsakar kasuwa, ta buɗe jaka, ta ciro agogo, ta tsaya tana duba shi har munka gaji munka kashe. Munka taru gabanta muna washe baki.

"Minti shida. Inji biyar. Ko ƙwayar gero babu. Wa ya kawo shawarar nan?"

Duk munka nuna Illo. Sai lokacin ta yi dariya, har tana share ido da bakin lulluɓi. Ta juya ta danƙa wa Inna Ajuma agogon. "Inna, ga shi. Ki riƙe mini su, ba su warke ba tukuna."

Mun gode, Malama Karima. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya raya zuri'arki, ya sa ki gama lafiya. Ku da za ku gaje ta a aikin tambaya, na ga wasunku suna cika takarda a inuwa ba su taka rumfar kowa ba. Ku zo ku sha ƙura, turminta na nan ban ɗauke ba. Mu kuma masu sana'a, in mai tambaya ya yi sallama, mu ba shi wurin zama mu faɗa masa gaskiya, sannan mu ma mu koyi tambayar waɗanda ke kawo mana ƙwarya. Ni saura kaɗan in sayar da gadon babana a kilo don ban tambaya ba.

Injin na nan inda babana ya ajiye shi. Yanzu da nake wannan rubutu rana ta take tsaka, kuma shiru yake, ba wanda ya zo da carbi. Bayan la'asar gero ne farko, barkono ƙarshe.