Layi huɗu a ƙasan takarda

Shekarun baya, a farkon zuwan Shari'a jiharmu, ina koyarwa a wata firamare a Daura, a gefe guda kuma ina aika wa wata jarida labarai. Ba su ɗauke ni aiki ba, amma hakan bai hana ni yawo da biro uku a aljihun gaba ba. Da hannu nake rubutawa, in ba direban motar Kano ya kai ofishinsu. Yawanci shiru kake ji. In kuwa an buga, sai na bi shafi da yatsa kafin in gano inda aka cusa shi.

Abu ɗaya editan ya koya mini: in labari ya yi tsawo, daga ƙasa ake yanke shi. Muhimmin abu a sama, tarkace a ƙasa. Na haddace wannan tamkar karatun allo.

Ina da aboki a wani ƙauye kan hanyar Kongolam, tare muka yi makarantar kwana. Gidansu gidanmu ne, har cikin ɗakin mahaifiyarsa nake shiga in miƙe ƙafa. A shekarar wata cuta ta faɗa wa awaki da tumakin yankinsu, sai a tashi da safe a tarar da su a kwance. Ya aiko in zo in gani da idona.

"Kai da kake rubutu a jarida," in ji shi, "rubuta mana, ko Allah zai sa a turo malaman dabbobi."

Kwana biyu muna zaga garke-garke. Ranar da zan tafi, yana raka ni bakin titi, sai ya rage murya ya ce ƙanensa, wanda dabbobinsa suka ƙare kaf, ya ɗebi gero a rumbun maƙwabci, har magana ta kai gaban alƙali.

"Amma manya sun shiga, mai geron ya ce zai yafe. Kai kaɗai na gaya wa, abin ne ya tsaya mini a rai."

Na dawo na cika shafi uku da labarin dabbobi. A can ƙasa na ƙara layi huɗu a kan maganar geron nan, ba tare da suna ba. Dabarata wai editan ya karanta, ya ga inda wahala ta kai mutane, ya tausaya ya buga na saman, sannan ya yanke na ƙasan kamar yadda ya saba. Har yaba wa kaina na yi da wannan wayo.

Bayan kwana huɗu mai sayar da jarida ya tare ni a bakin tasha, ya ce, "Malam, yau kai ne a shafin farko." Guda uku na saya tun kafin in duba. Da manyan baƙaƙe an rubuta wai manomi zai iya rasa hannunsa a kan gero. Ga sunan ƙauyen, ga nawa a ƙasa. Ko akuya ɗaya ba a ambata ba.

Na tafi wurin buga waya na kira editan.

"Ranka ya daɗe, labarin dabbobi fa na aiko."

"Malam, don akuya ta mutu wa zai sayi jarida? Labarinka yana ƙasa, kai ne ba ka gan shi ba. Ka ci gaba da bi mana shari'ar."

Kafin mako ya zagayo, baƙi masu kyamara sun cika ƙauyen suna tambayar gidan ɓarawon gero. Mai geron ya yafe kamar yadda ya yi alkawari, alƙali ya sallami kowa, kuma ban ga jaridar da ta buga hakan ba. Amma ƙanen abokina ko masallaci ya kasa fita. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya tsallaka Nijar. Malaman dabbobi kuwa ba su zo ba.

A Daura sai taya ni murna ake yi, har shugaban makarantarmu ya liƙa shafin a ofis. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, don wanda na saba kai wa damuwata shi na cuta.

Na je wurin abokina ba da haƙuri. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya kawo ruwa, ya saurare ni har na gama.

"Ba komai, Malam," ya ce. "Aikinka ne."

Tun da muke bai taɓa ce mini Malam ba. Mahaifiyarsa ba ta fito ba, ta dai aiko da gaisuwa.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan editan. Daga baya na yarda shi bai san kowa a ƙauyen ba, abin da zai sayu ya zaɓa. Ni ne aka ba amana a bakin titi, na kai ta Kano a ambulan.

Ba mu yi faɗa ba. Har yau in ya shigo kasuwar Daura mukan gaisa, ya tambayi yara, mu yi zancen damina da tsadar taki, daga nan sai sallama. Rasuwar mahaifiyarsa a bakin wani dillalin shanu na ji, bayan an yi addu'ar bakwai. Da na je ta'aziyya na ce, "Haba, ko saƙo?" Ya dube ni ba tare da fushi ba, ya ce bai so ya dame ni ba ne.

Na zauna a cikin baƙi, aka yi addu'a muka shafa, na nemi takalmina na kama hanya.